Lantarkin da Ake Mannawa a Bayan Wuya: Zai Tayar da Hannun Ƙanina?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, albasa nake kawowa daga Arewa. Ƙanina da ke taya ni sauke kaya ya zame a taɓo da buhu a ka, wuyansa ya karye. An yi masa aiki an sa ƙarfe, yau wata 15 ke nan. Yana ɗaga kafaɗa, yana lanƙwasa gwiwar hannu, yana ɗan ɗaga wuyan hannu, amma yatsu sai a hankali, ƙafafu kuwa babu labari. In an taɓa shi yana ji, har yakan san in bayan gida ya matsa masa. An turo min bidiyo a WhatsApp na wani Bature da aka sa wa lantarki a baya ya miƙe ya taka. Yanzu wani ya ce yana da irin na'urar, ba sai an yi tiyata ba, amma kuɗin da ya faɗa sai mun sayar da gonar gado. Don Allah abin nan gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya bar zumunci. Ni ma'aikacin gashi ne, abin da ake ce wa fisiyo, masu raunin laka kuma su ne rabin aikina. Tun kafin mu yi nisa: kada ka sayar da gonar nan.

Ba wai maganar ƙarya ce ba. Akwai bincike, akwai na'ura, kuma yadda ka kwatanta ƙaninka ya yi kama da irin mutanen da aka gwada ta a kansu. Sai dai abu uku aka cuɗa maka wuri guda. Abin da ke cikin bidiyon daban, na'urar da aka yi bincike a kanta daban, wadda mutumin nan ke tallata maka kuma ina da yaƙinin ita ma daban ce.

Laka ita ce farar igiyar nan mai laushi da ke tsakiyar ƙashin baya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana saran gadon bayan rago ya gan ta. A jikin mutum kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, amma duk umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa hannu da ƙafa ta nan yake bi, haka ma duk labarin zafi ko taɓi da ke komawa sama. Ka ɗauka ƙwaƙwalwa tana Oworonshoki, hannu da ƙafa suna Idumota, laka ce gadar Third Mainland. Lokutan da aka rufe gadar don gyara, ai Idumota ba ta mutu ba. Shaguna na nan, masu shaguna na nan, kaya ne ba sa isowa. To haka lakar da ke ƙasa da rauni take: tana da rai, ƙwayoyinta na aiki, umarni ne ya yanke. Shi ya sa za ka ga ƙafarsa ta zabura ko ta kama karkarwa ita kaɗai in an taɓa tafinta. Wasu iyalan su yi murna wai sauƙi ya zo, wasu su ce iska ce. Babu ko ɗaya. Lakar ƙasa ce ke aiki ba mai tsawata mata.

Abu na biyu: da wuya laka ta tsinke gida biyu kamar an sa wuƙa. Yawanci murƙushewa take yi, a bar wasu 'yan zare-zare da suka tsira. Maganar da ka faɗa a ƙarshe-ƙarshe, cewa yana sanin bayan gida ya matsa masa, ta fi duk sauran daraja a wurina. Jijiyoyin wannan wuri daga can ƙarshen laka suke fita. In saƙonsu yana kaiwa ƙwaƙwalwa, to ya ratsa ta wurin raunin ke nan, gadar ba ta rufe ruf ba. Muna da ma'auni da ake kira ASIA, daga A zuwa E. Mai A ba ji ba motsi a can ƙasan. Mai B yana ji amma ba motsi. C da D akwai motsi, na D ya fi ƙarfi. Ba a yanke wannan ta waya ko da hoton MRI kaɗai. Sai an bi jiki da auduga da tsinin allura, an gwada tsoka ɗaya bayan ɗaya. In ba a taɓa faɗa muku harafinsa ba, wannan ce tambayar farko da za ku yi a asibiti.

To mene ne aikin lantarkin? Babu mazaunin Legas da bai san wuta mai rabin ƙarfi ba. Ƙwan fitila ja kamar garwashi, fanka na gurnani amma ta ƙi juyawa. Ka sa sanda ka ɗan tura fiffiken, sai ta kama. Saƙon da ke ratsa lakar ƙaninka rabin wutar nan ne: yana isa, amma bai kai ya motsa yatsa ba. Lantarkin shi ne sandan. Ana manna 'yan faifai masu danƙo a fatar bayan wuya, daidai tsakanin ƙasusuwa, sama da raunin da ƙasa da shi, a manna wasu a ƙugu domin wutar ta sami hanyar zagayawa. Na'urar tana bugawa kamar sau 30 a sakan ɗaya. Abin da take fara kamawa ba tsokar hannu ba ce, ba ma ita kanta lakar ba ce kai tsaye. Saiwoyin jijiyoyin ji ne da ke shiga laka ta baya. Su ne ke zuga ƙwayoyin motsi da ke ciki har su zo gab da tashi. Ana tsayar da ƙarfin wutar ƙasa da inda tsoka za ta zabura don kanta. Sai a ce wa mara lafiya: matse wannan. Ɗan raunannen saƙon nasa ya zo ya tarar an riga an share masa hanya, sai yatsa ya motsa.

Ka lura da wanda ya motsa yatsan. Shi ne, ba na'ura ba. In babu wuta ko kaɗan a waya, ka wuni kana tura fanka, kana sakin ta za ta tsaya. Kuma in an manna masa faifan yana kwance yana kallon silin, an yi asarar batir. Amfanin yana cikin maimaitawa, sau ɗaruruwa, yana niyya, yana gwadawa, wutar na taya shi. Hanyar ƙafa a gona yawan bi ne ke fitar da ita, jijiya ma haka. Shi ya sa a wasu mutane ƙarfin da aka samu yakan zauna ko an kashe na'urar. Lantarkin ba ya ɗinke laka, ba ya tsiro da sabuwa. Abin da ya saura yake tasa.

Yanzu bidiyonka. Akasarin bidiyon da ke yawo na wanda ya miƙe ya taka, na tiyata ne. Ana buɗe baya a shimfiɗa wani ɗan faifai mai bakin waya 16 a kan rigar laka, a binne batir a ƙarƙashin fata. A 2011 ne Susan Harkema da abokan aikinta a Louisville ta Amurka suka ba da rahoton wani matashi, Rob Summers, da ya iya tsayuwa da wannan dabara. A 2018 aka sami waɗanda suka taka, a Louisville ɗin, da asibitin Mayo, da Lausanne ta Suwizalan wurin Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch. Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nunawa shi ne wahalar da ke baya. A Louisville mutum huɗu aka gwada, biyu suka taka, su ma da abin dogarawa. Ɗaya daga cikinsu sai da ya yi zaman atisaye 278 cikin mako 85. Ka lissafa, ya fi shekara ɗaya da rabi.

Na fata, wanda ba a yanka, shi ne maganarmu. Masu bincike a Biyana ta Ostiriya, su Karen Minassian, sun nuna a 2007 cewa ana iya kama waɗannan saiwoyi ta kan fata. A 2015 Reggie Edgerton na jami'ar UCLA da Yury Gerasimenko ɗan Rasha suka gwada a maza biyar da ƙafafunsu suka shanye gaba ɗaya, ƙafafun suka riƙa motsi irin na mai tafiya. Amma a kwance suke ta gefe, an rataye ƙafafun a sama don kada nauyi ya danne su. Motsi ne, ba tafiya ba. In an yanko irin wannan hoto aka sa masa kiɗa, wanda bai sani ba sai ya ce an gama magana.

Binciken da ya fi nauyi shi ne wanda ake kira Up-LIFT, da ya fito a mujallar Nature Medicine a watan Mayu na 2024, Chet Moritz na Jami'ar Washington yana cikin jagororinsa. A kan hannu aka yi shi, ba ƙafa ba. Cibiyoyi 14 ne a Amurka da Kanada da Birtaniya da Holan. An ɗauki mutum 65, 60 suka kammala. Dukkansu raunin wuya ne, masu B ko C ko D, kuma kowa ya yi aƙalla shekara ɗaya da raunin. Akwai wanda ya yi shekara 34. Dalilin sharaɗin shekara ɗaya kuwa, yawancin sauƙin da jiki ke kawowa don kansa a watanni shida na farko yake zuwa, daga nan ya yi ta ja baya. In ka gwada magani a wata na uku, ba za ka san aikin wa ka gani ba. An yi musu wata biyu na gashi zalla, sannan wata biyu na irin gashin nan tare da lantarki, zama 12 zuwa 20 a wata. Kashi 72 cikin 100 sun sami ƙarin da ya kai a ƙirga a ƙarfi da kuma iya aiki da hannu, duka biyun. Kashi 90 sun ƙaru a ɗaya daga ciki. Ba a sami wata mummunar illa da aka danganta da na'urar ba. A kan wannan ne hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a Disambar 2024. Sunanta ARC-EX, kamfanin Onward Medical ne ke yin ta, kuma amincewar ta ƙarfin hannu da jinsa ce, ga masu shekara 18 zuwa 75 da raunin wuyansu bai cika ba, wato lakar ba ta rufe ruf ba, tare da atisaye.

Wane irin ƙari? Ba wanda ya tashi ya ɗauki buhu. Ƙarin irin na riƙe cokali ne, ɗaukar kofi ba tare da ya zube ba, danna waya, tsinto kwabo daga tebur. Mai lafiya zai ce wannan ne abin? Ka tambayi ƙaninka. Mutumin da wata 15 ana ba shi tuwo a baki, ana yi masa tsarki, ana riƙe masa waya in zai gaisa da mahaifiyarsa, ya san kuɗin babban yatsa da manuni. Wani bincike da Kim Anderson ta yi a 2004 ya tambayi masu raunin laka abin da suka fi so ya dawo. Masu raunin wuya hannu suka sa a gaba, ba tafiya ba. Mu 'yan'uwa ne muke ƙwallafa rai a kan ƙafa, don ita muke gani.

Ni dai ina ganin sakamakon nan abin farin ciki ne, amma ba na ɗaukarsa kamar yankan wuƙa. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin binciken. Kowa ya san lokacin da aka kunna masa wuta, ba a ware wasu aka sa musu ta bogi don a kwatanta ba, mutum kuwa in ya sa rai yakan ƙara himma. Kusan uku cikin goma ba su kai ma'aunin ba. Masu A ba sa ciki. A ɓangaren ƙafa, tsayuwa da tafiya, abin da ake da shi ƙananan gwaje-gwaje ne na mutane ƙalilan. Duk wanda ya yi maka alkawarin tafiya da lantarkin fata ya wuce inda ilimin ya tsaya.

Sai mai na'urarka. Abin da ya cika shagunan kayan asibiti da tallan intanet shi ne TENS, 'yar akwati kamar rediyon aljihu mai waya biyu ko huɗu. Ta rage ciwo ce, jijiyoyin fata take tsikara, muna amfani da ita kullum, kuma kuɗinta bai kai na tunkiya ba balle gona. Akwai kuma mai motsa tsoka, wadda ake ɗorawa a kan dantse yatsu su dunƙule. Ita ma tana da amfani in mai ilimi ne ya sa ta cikin atisaye, amma ita ce kayan aikin 'yan damfara: a manna, a murɗa, hannu ya zabura, a ce ka gani da idonka. Ko hannun wanda lakarsa ta rufe ruf zai iya zabura haka, domin wutar tsokar ta kama kai tsaye, ƙwaƙwalwa ba ta da labari. Na taɓa karɓar wani bawan Allah da aka yi wa wata uku ana zuwa gida da irin wannan, ana karɓar kuɗi kowane zuwa. Hannun yana nan yadda yake, sai tabon ƙuna biyu a baya da bai ma san da su ba, tunda wurin ba ya ji. Ban ga laifin iyalinsa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ka ce wa mutumin ya rubuta maka sunan na'urar da kamfanin da ya ƙera ta, ya nuna rajistarta ta NAFDAC, ya nuna lasisinsa na hukumar MRTB mai yi wa ma'aikatan gashi rajista. Ka tambaye shi harafin ƙaninka na ASIA, da irin atisayen da za a riƙa yi lokacin da wutar ke kunne, da yadda zai auna ci gaba. In ya ce mannawa kawai za a yi, ka yi masa sallama.

Kuma kada ku ce bari mu gwada da kanmu a gida. Ba a sa lantarki a gaban wuya, inda jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya suke. Ba a sa wa mai batirin zuciya, ba a sawa a kan miki. Ƙarfen da ke wuyansa ma sai likitan da ya san irinsa ya yi magana. Sannan akwai haɗarin da nake so duk mai jinyarsa ya haddace, ko da lantarki ko babu. Mai rauni daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, in wani abu ya dami jikinsa ta ƙasa, kamar robar fitsari ta toshe ko ta lanƙwashe, ko bayan gida ya taru, ko gyambo, ko matsattsen wando, jininsa kan yi mummunan hawa nan take. Kai ya sara kamar ana doka guduma, gumi ya keto a fuska da wuya, hanci ya toshe. Irinsu jininsu a ƙasa yake zama, don haka awon da za ka ce daidai ne a wurinka, a wurinsa hawa ne. Ƙarin 20 zuwa 40 a kan nasa na kullum ya isa. Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi tsaye, a sauke ƙafafu, a sassauta tufafi, a duba robar fitsari tun daga farko. In bai sauka cikin 'yan mintoci ba, asibiti. Wannan yana kisa.

Abin da zan so kuɗin ya tafi a kai, in ma akwai kuɗin, ba abin burgewa ba ne. Katifa mai kyau da matashin keken da ya dace. Juyi duk awa biyu, dare da rana, a duba ƙugu da mazaunai da diddige kowace safiya. Jan wurin da bai washe ba bayan an ɗauke nauyi farkon gyambo ne. A zafin Legas da gumin ɗakunanmu, gyambon kwanciya da ciwon fitsari su ne ke cinye mutanenmu, ba karayar kanta ba. A daina gashin ruwan zafi da tawul a inda ba ya ji, kada kuma a bar mai ɗori ya ja wuya. Kowace gaɓa a motsa ta kullum har iyakarta don kada ta ƙage. Ranar da na'urar gaskiya ta zo hannunmu, mai gyambo da ƙagaggun gaɓoɓi ba zai ci moriyarta ba.

Ga wani abu da ya shafi ƙaninka musamman, tunda ka ce yana ɗaga wuyan hannu. Gwada da naka hannun: saki yatsu, ka ɗaga wuyan hannu baya, za ka ga yatsun sun lanƙwaso da kansu, babban yatsa ya matso kusa da manuni. Da wannan dabarar masu irin rauninsa ke ɗaukar biredi da waya da buroshi, ko yatsun ba su da ƙarfi. Tana aiki ne in igiyoyin yatsun sun ɗan ɗaure. 'Yan'uwa kuma, don ƙauna, sai su zauna suna miƙe masa yatsu sambal alhali wuyan hannun na tanƙware baya, har igiyoyin su saki, riƙon ya tafi. In za a miƙe yatsu, a fara sunkuyar da wuyan hannu ƙasa. In an ɗaga shi sama, a bar yatsu a dunƙule. Ka nuna wa duk mai yi masa tausa.

Daga Mile 12 titin Ikorodu ɗaya ne zai kai ku Asibitin Ƙashi na Igbobi. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, da na LASUTH a Ikeja. Akwai kuma ƙungiyar masu raunin laka ta ƙasa, SCIAN, a Amuwo-Odofin. Zama da wanda ya shekara goma a keke yana sana'arsa yakan yi wa sabon mai rauni abin da mu ba mu iya ba. Ku je da takardar sallama da hotunan da aka ɗauka kafin aiki da bayansa. Ku roƙi a yi masa cikakken awon ASIA, a auna ƙarfin riƙonsa a rubuta, a tsara masa atisayen hannu na abubuwan da yake bukata da gaske: cokali, kofi, carbi, waya. Ku kuma tambayi likitan tiyata ko ya dace da aikin juya igiyar tsoka, wanda ake yi wa wasu masu irin hannunsa don riƙo ya ƙaru. Bayan wata uku a sake awon a ɗora kan na farko. In kun samu harafin, ka turo min shi tare da abin da yatsun ke iya yi ɗaya bayan ɗaya, sai in faɗa maka atisayen da za ku fara da shi a gida.